Daga Baitulmali zuwa Lungu: Kasafin Kuɗin Tituna a Cikin Birnin Kano

Shirin musamman na wannan mako zai duba yadda ƙaramar hukuma take tsara kasafin kuɗi domin shimfiɗa tituna da daɓe lunguna, kuma zai ɗauki cikin birnin Kano a matsayin misali, wato unguwannin da ke cikin badala, waɗanda akasarinsu suke ƙarƙashin ƙananan hukumomin Birni da Kewaye da Dala da Gwale.

Hanyoyin mota a Najeriya sun kasu rukuni 3 gwargwadon wanda yake da alhakin kula da su: manyan hanyoyin da suka haɗa jiha da jiha na gwamnatin tarayya ne, waɗanda suka haɗa garuruwan cikin jiha na gwamnatin jiha ne, ƙananan titunan cikin gari da na karkara kuwa na ƙaramar hukuma ne. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan hanya tare da kula da su, ya kuma ba ta ikon ƙiyasta gidaje domin karɓar kuɗin da ake sa musu, da tafiyar da kasuwanni da tashoshin mota. Saboda haka, a bisa doka, lungun da ya ratsa Koki ko Yakasai ko Madabo nauyi ne da ya rataya a wuyan shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa.

Kuɗin sauke wannan nauyi kuwa mafi yawansu daga nesa suke zuwa. A kowane wata ana raba abin da ya shiga asusun tarayya, inda gwamnatin tarayya take ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi su sami kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 na ƙasar, ciki har da 44 na Jihar Kano, su raba kashi 20.60 a tsakaninsu, sannan a ƙara musu da kashi 35 cikin 100 na harajin da ake ɗorawa a kan kayayyaki da hidimomi. Abin da ƙaramar hukuma take tarawa da hannunta, wato kuɗin shiga na cikin gida, kamar kuɗin rumfunan kasuwa da na tasha da na lasisin ƙananan sana'o'i, bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kason Abuja. Shi kansa kason, sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya ba gwamnatocin jihohi damar riƙe ragamar kuɗin, har zuwa ranar 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye.

Kasafin kuɗi shi ne ƙiyasin abin da ake sa ran samu a shekara da yadda za a kashe shi, kuma gida biyu gare shi. Gida na farko shi ne na ayyukan yau da kullum, wanda ya ƙunshi albashin ma'aikata da malaman firamare da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, da fansho, da gudummawar da ake ba masarauta. Gida na biyu shi ne na manyan ayyuka, kuma a nan titi yake samun gurbi, tare da ajujuwa da rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani. Da yake albashi ba ya jira, sai an cike gida na farko ake waiwayar na biyu, don haka duk shekarar da kaso ya ragu ko albashi ya ƙaru, kamar yadda ya faru a 2024 da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000, titi ne yake fara jin jiki. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara yawan nairorin da ake rabawa, amma kuma ya zo tare da tashin farashin siminti da kwalta da man dizal, ta yadda ƙarin kuɗin bai zama ƙarin tsawon titi daidai da shi ba.

Bisa ƙa'ida, buƙata tana tasowa daga mazaɓa ta bakin kansila da masu unguwanni, sashen ayyuka ya auna wurin ya fitar da ƙiyasin kayan aiki da ƙwadago, ma'aji ya gwada shi da abin da ke hannu, sannan kasafin ya wuce ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha domin tantancewa. Idan an ba da kwangila, akan ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami, a ci gaba da biyansa mataki-mataki bisa shaidar injiniya, a kuma riƙe wani ɗan kaso har sai titin ya yi wasu watanni ba tare da ya nuna aibi ba.

Cikin birni yana da halinsa na daban, wanda yake sa ƙiyasi ya sha bamban da na sababbin unguwanni. Gari ne da aka fara zagaye shi da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, kuma hanyoyin da suka nufi kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, an tsara su ne domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Faɗaɗa irin wannan hanya yana nufin rushe soraye da katangu, kuma diyyar gine-ginen takan lashe babban kaso tun kafin a sauke tifa ɗaya ta tsakuwa. Babbar matsalar kuma ita ce ruwa. Ruwan saman Kano yana taruwa ne a 'yan watanni, mafi ƙarfinsa a Agusta, kuma kududdufan da suke shanye shi a da an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, ga kuma ruwan wanka da wanki da yake fitowa daga gidaje duk shekara. Kwalta ba ta jure kwanciyar ruwa: da ya ratsa ƙarƙashinta, sai marmarar da aka daɓe ta jiƙe ta saki, rami ya buɗe. Shi ya sa masana aikin hanya suke sa lambatu da kwalbati a gaban kwalta, kuma a lungun da babbar mota ba ta shiga aka fi son intalok, wato ƙananan bulullukan siminti masu riƙe juna, domin ana iya shigar da su a baro, leburorin unguwa su shimfiɗa, a kuma ɗaga su a mayar idan bututun ruwa ya fashe.

Tarihin birnin yana da darasi game da tushen kuɗi. A zamanin Sarki Abbas aka kafa Baitulmalin En'e ta Kano, wanda yake riƙe wani kaso na haraji da jangali yana yin ayyuka da shi, kuma daga cikinsa aka biya aikin ruwan famfo na Challawa da wutar lantarki a farkon shekarun 1930, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wannan tsari ya takura talaka da tsananin karɓa da aikin tilas, dalilin da ya sa jama'a suka yi maraba da soke haraji da jangali da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a 1979. Sai dai tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da bunƙasar kuɗin man fetur, igiyar da ta haɗa mai biya da mai kashewa ta yi sako-sako, domin hukumar da kuɗinta ba daga aljihun mazauna unguwa suke fitowa ba, ba ta cika jin tilascin yi musu bayani ba.

Giɓin da aka samu gwamnatin jiha ce take ƙoƙarin cikewa, ta hanyar hukumar gyaran tituna ta KARMA da hukumar tsara birane ta KNUPDA, da manyan ayyuka irin na rufe kwarin Jakara da shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kansa, da shirin titi mai tsawon kilomita 5 a kowace ƙaramar hukuma wanda aka fara a wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na 2011 zuwa 2015. Akwai kuma ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, da aikin gayya na ƙungiyoyin taimakon kai da kai, waɗanda suke yashe magudanai kafin faɗuwar damina. Duk waɗannan suna da amfani, amma babban aiki yakan tsaya idan gwamnati ta sauya, gayya kuma ba ta iya sayen siminti na lungu ɗari.

Abin da zai sa titin cikin birni ya daɗe shi ne kasafin da ya ware kuɗin kula da shi a kowace shekara, a layi na musamman da ba a karkatar da shi, domin yashe lambatu da cike ƙaramin rami sun fi sake gina titi sauƙi nesa ba kusa ba. Haka kuma wajibi ne ƙaramar hukuma ta tattara ɗan abin da doka ta ba ta cikin adalci, tana ba da rasit, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, sannan ta kafe jerin ayyukan shekara da kuɗin kowanne a sakatariya da ƙofar mai unguwa, yadda mazauna Alfindiki ko Sheshe za su san abin da aka ware musu, su kuma tambayi kansilansu idan shekara ta ƙare ba su gani a ƙasa ba. Hukuncin Kotun Ƙoli ya fayyace inda kuɗi za su sauka, amma sa idon jama'a ne zai tabbatar da inda za su tafi.