IN KWAMFUTA TA ƘI AIKI, DAGA INA AKE FARAWA?

Mutanen Gidimuni sun san injin ban-ruwa. Sun san rediyo, sun san salula. Yanzu ga wata na'ura ta shigo karkara. Ita ce kwamfuta, wadda masu jin faransanci ke ce wa ordinatar. Ana ganinta a meri, da likita, da kwaleji, da shagon masu buga takardu. Wasu ƙungiyoyin masu garka da na mata su ma suna ajiye lissafinsu a cikinta.

Ranar da ta ƙi aiki, ba mai ita kaɗai ke shan wuya ba. Mai neman takarda ya yi sammako a banza. Ma'ajin ƙungiya ya rasa sanin wanda ya biya da wanda bai biya ba. Daga Gidimuni zuwa Damagaram kuwa wajen kilomita 70 ne. Ga kuɗin mota, ga kuɗin gyara, ga yinin aiki ya tafi. Alhali sau da yawa ciwon ƙarami ne, ana iya gane shi a gida.

ABU UKU NE A CIKINTA

Na farko shi ne jikinta: allon kallo, allon harufa, batir, fanka, da wayoyi. A ciki akwai diski. Shi ne rumbu, a nan ake ajiye dukan rubutu da hotuna. Akwai kuma ram. Ita ce tabarmar aiki, inda ake baza abin da aka ɗebo daga rumbu. In an kashe na'ura, tabarma ta zama wayam, amma rumbu yana nan da kayansa.

Na biyu ita ce babbar manhaja, masu gyara suna ce mata sistem. Ba a taɓa ta da hannu. Ita ce mai gida, ita ke raba wa kowane sashe aikinsa. Wadda aka fi sani ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka. Akwai kuma Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Ita kyauta ce.

Na uku shi ne tafinta. Mai gida da injin buga takarda ba harshensu ɗaya ba. Sai an sa wata ƙaramar manhaja a tsakaninsu. Masu gyara na Damagaram suna ce mata pilot, na Kano suna ce mata direba. Kowane sashe da tafintansa: na murya daban, na hoto daban, na intanet daban.

A BI HANYAR RUWA

In ruwa bai kai fangali ba, mai garka ba ya gina sabuwar rijiya. Yakan duba mai a inji. Ya duba tiyo, ko ya fashe. Ya bi hanyar ruwa har ya ga inda ta toshe. Haka ake yi wa kwamfuta. A fara da mai sauƙi. A canja abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na biyu. Wanda ya taɓa abu biyar gaba ɗaya ba zai san wanda ya yi magani ba.

IN TA ƘI TASHI SAM

An danna, ba fitila, ba motsi. To, a fara da wuta. A sa rediyo ko cajar salula a wurin da aka jona ta, a ga ko akwai kuran. A duba waya, ko ɓera ya ci ta. A duba bakin caja, ko ya saki.

Masu farantin hasken rana su lura. Batirin gida yawanci bolt 12 ne. Kuran na gari bolt 220 ne. Kwamfutar hannu kuwa galibi wajen bolt 19 take sha ta cajarta. Kada a haɗa ta kai tsaye da batir. Kada a ari cajar wani sai an karanta lambobin da ke bayanta, an ga sun yi daidai da nata. Babban injin buga takarda mai garin tawada yana jan wuta da yawa. In akwatin juya wuta ƙarami ne, sai komi ya mutu da zarar an fara bugu. Nan ba laifin kwamfuta ba ne.

In batirin kwamfuta ya kumbura, a daina aiki da shi, kada a huda shi, yana iya kama wuta. Akwatin wutar da ke cikin babbar kwamfutar tebur kuwa, kada kowa ya kwance shi. Yana riƙe wuta ko bayan an zare waya.

IN TA TASHI AMMA ALLO BAƘI

Fanka na juyawa, allo bai nuna komi ba. Wani lokaci har da ƙara, ƙit-ƙit-ƙit. Sau da yawa ram ce ta motsa, ko ƙura ta shiga bakinta. Girgizar mota ko ta babur takan jawo haka. Wanda ya saba zai zare waya, ya cire batir, ya fitar da ram, ya share ta da busasshen buroshi mai laushi, ya mai da ita har ta zauna daram. Ba a sa ruwa. Wanda bai saba ba ya ƙirga ƙarar, ya rubuta ko sau nawa ce. Wannan ƙarar magana ce, mai gyara ya san fassararta.

IN TANA MUTUWA DA KANTA

Ta yi aiki kaɗan, ta yi zafi, ta mutu. Wannan aikin ƙura ne da zafi. Da hunturu iska na kwaso ƙura mai laushi daga hamada. Ƙurar na toshe ƙofofin iska na na'ura. Da bazara kuma, a watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40. Na'urar da ta rasa iska tana kashe kanta don kada ta ƙone.

Maganin ba ya cin ko dala. A ɗora ta bisa tebur ko allon katako. Kada a ɗora ta bisa katifa ko rairayi. A yi aiki a inuwa. In an gama, ta huce, a rufe ta da zane. A riƙa share ƙofofin iska. Rigakafi ya fi magani.

IN TA MANCE RANA DA WATA

Kullum aka kunna sai ta nuna shekarar da ta wuce tuntuni. Intanet ma ya ƙi buɗe wurare da yawa. A cikin na'ura akwai ɗan batir mai kama da kwabo, na bolt 3. A yawancin kwamfutocin tebur lambarsa CR2032. Shi ke riƙe agogo. In ya mutu, a sake shi, a daidaita rana, shi ke nan.

IN TAFINTA NE BABU

Kwamfuta na aiki lafiya, amma ba murya. Ko an jona injin buga takarda, ta yi kamar ba ta gan shi ba. A fara sake waya, a gwada wata kafa. In bai yi ba, a nemi tafinta. A Windows ta faransanci akwai wuri mai suna Gestionnaire de périphériques. Nan aka jera dukan sassan na'ura. Wanda ba shi da tafinta, za a ga alamar rawaya mai kusurwa uku a gefensa.

A karanta sunan kamfani da lambar da ke jikin injin. A kwafe su daidai, harafi bayan harafi. Da wannan lamba ake ɗauko tafinta a shafin kamfanin da ya ƙera injin. Kada a ɗauko a wurin da ba a sani ba, don can ake kwaso cutar na'ura, wato birus.

Birus yakan bi ɗan makullin ajiya da ake cewa kile. Akwai wanda ke ɓoye takardun da ke cikin kile, mutum ya zaci sun ɓace. Sau da yawa suna nan. Kada a yi saurin wanke kile, a kai wa wanda ya sani.

SAKE BABBAR MANHAJA: A YI HATTARA

Nan ne aka fi yin asara. Da na'ura ta yi nauyi, sai wani ya ce a yi mata fomataj. Fomataj share rumbu ne ƙaf. Lissafin shekara uku yana iya tafiya cikin minti ɗaya. Shi ya sa ba a fara gyara da shi, sai in sauran dabaru sun ƙare.

In ya zama dole, ga abin da ake yi tun kafin a fara:

1. A kwashe dukan takardu a kile biyu. A buɗe su a wata na'ura, a tabbata sun shiga.
2. A ɗauko tafintan intanet tun da wuri. In ba shi, sabuwar manhaja ba za ta iya nemo sauran ba. Wanda ya mance yana iya jona salularsa da waya, ya ba kwamfuta intanet.
3. A cika batir. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai a koma farko.
4. A sami kile mai jiga 8 ko fiye, wanda ba komi a ciki. Shi ke ɗauke da manhajar.

In na'ura ta ƙi tashi daga kile, akwai maɓallin da ake dannawa da zarar an kunna. A Dell da Lenovo galibi F12 ne. A HP kuwa F9. In aikin na tsayawa wuri ɗaya kullum, a gwada wani kile. In kuma diski na ƙara, ƙas-ƙas, rumbu ne ke shirin faɗuwa. A tsaya, a ceci abin da ke ciki tukuna.

Ba kowace manhaja ke shiga kowace na'ura ba. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana son ram jiga 4 ko fiye, da diski jiga 64 ko fiye, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020. Ya rufe kulawar yau da kullum ta Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Na'ura mai ɗauke da su tana aiki, amma garka ce mai tsohon shinge. Ba lallai a jefar da ita ba. Akwai irin Linux marar nauyi da tsohuwar na'ura ke iya ɗauka. Mai sayen ta hannu ya tambayi wannan tun kafin ya biya.

A YA KOMA Q

Allon harufa iri biyu ne a kasuwa. Wanda ya zo daga Faransa, layinsa na sama yana farawa da AZERTY. Wanda ya biyo ta Kano galibi QWERTY ne. In an zaɓi wanda ba shi ba wajen sa manhaja, sai a danna A, Q ya fito. Na'ura ba ta lalace ba. A shiga wurin zaɓen harshe a gyara. A nan kuma ake ƙara allon harufa na Hausa, don a sami harufa masu lanƙwasa. Ba daidai ba ne a rubuta kasa inda ake nufin ƙasa.

AIKIN MAI KARATU

In kwamfuta ta tsaya, takan rubuta dalili a allo. Wani lokaci allon ya koma shuɗi, da kalmomi da lambobi. Ko da faransanci ne ko ingilishi, ɗan makarantar yaƙi da jahilci ya san harufa, ya san lambobi. Ya ɗauki kaye da biro ya kwafe. Ya rubuta ranar da abin ya fara, da abin da aka jona ko aka sa kafin nan. Da wannan rubutu, mai gyara na Damagaram yana iya ba da shawara ta salula, ba sai an hau mota ba.

In tafiya ta kama, a kwashe takardu tukuna in da hali. A gaya wa mai gyara ƙarara: kada a share komi sai da izini. A yi jinga kafin ya kwance ƙusa.

Ƙungiyoyi kuma kada su yar da babban littafin lissafi don sun sami kwamfuta. A rubuta a nan, a rubuta a can. Kowane ƙarshen wata a kwashe aiki a kile, a ba ma'aji ya ajiye a wani gida daban.