A raka yaro ya ga jami'a kafin ya cike fom ɗin JAMB

Kafin ɗalibi ya zaɓi jami'a, yana da kyau iyaye su raka shi ya gane wa idonsa. A fara da sanin harabar da sashensa yake: a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, karatun lauya a Kongo ake yi, injiniyanci kuma a Samaru. A leƙa ɗakunan kwana, a bincika ruwa, wuta, asibiti da tsaro, a tabbatar hukumar NUC ta amince da kwas ɗin.

Amma a bar yaron ya yi tambaya da bakinsa, ya zanta da ɗaliban wurin. In an dawo gida, a saurari ra'ayinsa tukuna, sannan a faɗa masa gaskiyar abin da aljihu zai iya ɗauka.