Laccar dogon hutu a Yola: me ake koyarwa, kuma ina ruwan mu na Kurmi?

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba makarantun firamare da sakandare a rufe suke, ɗaliban jami'a da kwaleji waɗanda hutunsu ya zo daidai su ma sun dawo gida. A Yola da Jimeta, kamar yawancin garuruwan Arewa, lokacin ne ƙungiyoyin ɗalibai da matasan unguwa da kwamitocin masallaci kan ari aji ko su kafa rumfa. Da safe a yi wa yara lesin, da yamma ko ƙarshen mako a gayyato wani mai sani ya yi wa manya lacca. Yau ma'aikacin asibiti, wani makon lauya ko malamin gona, wani kuma malamin addini. Ba a sayen tikiti, ba a ba da takardar shaida. Turawa ma suna da irin wannan a hutunsu na lokacin zafi. Namu kuwa a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma wannan ne ya kamata ya yanke abin da za a sa a jadawali.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, abin da muke kira Yola garuruwa biyu ne da suka haɗe. Akwai tsohon gari, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841, inda fadar Lamiɗo take, kuma shi ne ƙaramar hukumar Yola ta Kudu. Makama a nan take, mazaɓu biyu ne ma, Makama A da Makama B. Sai Jimeta a bakin kogin Binuwai, inda kasuwa da ofisoshin gwamnati suke, Yola ta Arewa ke nan. Kalmar modibbo ita kanta a Fulatanci malami take nufi, wato garin malami ne ya kafa shi, zaman ɗaukar karatu a zaure ba baƙon abu ba ne a wurin. Abin da laccar hutu ta ƙara shi ne ta fito da likita da lauya su zauna inda da malamin zaure kaɗai aka saba gani.

To me ake bukatar ji a watan Agusta a garin da ke bakin Binuwai? Na farko ruwa. Can sama da Garwa, a cikin Kamaru, akwai madatsar Lagdo da aka gama a 1982. Idan ta cika sai an buɗe ta, ruwan kuma ta Adamawa yake fara shigowa Najeriya. An daɗe ana maganar gina madatsar Dasin Hausa a yankin Fufore domin ta tare shi, har yau ba a gama ba. A ambaliyar 2012 hukumar NEMA ta ce mutum 363 suka rasu a faɗin ƙasa, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Ta 2022 ta ci rayuka fiye da 600. Ba kullum madatsa ce ke jawowa ba ma: a ƙarshen Yuli 2025 ruwan sama mai ƙarfi ya mamaye unguwanni irin su Shagari da Yolde Pate a Yola ta Kudu, aka rasa rayuka. Mutumin da ya zauna awa guda aka yi masa bayanin yadda ake gane gargaɗi, inda tudu mafi kusa yake, abin da ya sa ba a ratsa ruwa mai gudu ko da a gwiwa yake, da dalilin kashe wutar gida kafin ruwa ya shigo, wallahi ya ƙaru fiye da wanda ya sha jawabin awa uku a kan "matasa manyan gobe".

Bayan ruwa sai abin da ke biyo shi. Idan ambaliya ta shiga masai ta haɗe da rijiya, amai da gudawa ne a ƙofa, kuma Yola ta gan shi a watan Satumbar 2024. Wannan cuta tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jiki. Taimakon farko kuwa a kowane gida akwai shi: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a rinƙa ba mara lafiya yana sha ana hanyar asibiti. Magana ce ta minti biyar. Amma je ka tambayi mutum goma a majalisa ma'aunin, ka ji amsa iri goma. Shi ya sa lacca mai kyau ba ta tsayawa a baki, sai an kawo gora da cokali an haɗa a gaban jama'a, an kira wata uwa ta maimaita da hannunta.

Akwai amfani na biyu da ba a rubuta shi a takardar gayyata, kuma ni a ganina ya fi na farko. Zaman da ake yi mako bayan mako yana sa mutanen da ba su da dalilin haɗuwa su san fuskar juna, su karɓi lambar juna. Yola ce garin da ya nuna kuɗin wannan a zahiri.

A watan Janairun 2012, lokacin da ƙasa ta rikice da zanga-zangar cire tallafin mai, ga kuma hare-haren Boko Haram suna matsowa, shugabar Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola a lokacin, Margee Ensign, ta haɗu da limamai da fastoci da 'yan kasuwa da shugabannin al'umma suka kafa ƙungiyar zaman lafiya ta Adamawa, wadda aka fi sani da API. Ba jerin lacca suka kira abin nasu ba. Zama ne ake yi a kai a kai, kowa ya faɗi abin da ke faruwa a unguwarsa, a zaɓo matasan da ake tsoron a yaudare su a sa su a ƙwallo da koyon kwamfuta. A lokacin mai kallo daga nesa zai iya cewa shan shayi ne kawai na manya.

Sai ga 2014. A ƙarshen Oktoba Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, mutanen arewacin jihar daga Madagali da Michika da Hong da Mubi suka kwararo Yola a ƙafa da bayan akori-kura. An buɗe sansani irin na Malkohi, amma mafi yawan 'yan gudun hijirar ba sansani suka shiga ba, gidajen 'yan uwa da na bayin Allah suka sauka, gidan mutum goma ya koma na arba'in. Wanda ke cikin gida kuwa ba ya cikin lissafin gwamnati. Wa ya san inda suke? Limamin unguwa da fasto da shugabar mata, waɗannan dai da suka shekara biyu suna zama tare. Ta hannunsu aka rinƙa raba masara da shinkafa, kuma jami'ar ta ce a ƙololuwar abin sun ciyar da sama da mutum 270,000. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar cocin Saint Theresa a Jimeta ga dubban mutane, Musulmi da Kirista. A 2021 ya kammala musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, ya gina coci ya kuma gina masallaci a ciki. Daga wannan haɗin kan ne kuma aka samu shirin ciyar da almajirai tare da koya musu karatu da lissafi, da darussan rediyo na TELA da suka kai ga yara kimanin 22,000. Duk wannan bai yiwu a ƙulla shi ranar da Mubi ta faɗi ba. An riga an san juna.

Ba kowace lacca ce ke haifar da haka ba, kada mu ruɗi kanmu. Kowa ya san irin wadda ake kira ƙarfe huɗu a fara ƙarfe shida saboda ana jiran babban baƙo, a cinye awa ɗaya wajen gabatar da manyan teburi, mai lacca ya karanta takarda da Turanci yana gyara tabarau, a tashi ba a ba kowa damar tambaya ba. Idan kakar zaɓe ta kusa kuma, mai biyan kuɗin rumfa shi ke zaɓen take. A Yola akwai ƙarin batun harshe: tsofaffin cikin gari da yawa sun fi sakewa da Fulatanci, Jimeta kuwa ta tara Bachama da Kilba da Margi da Chamba da Ibo da Yarbawa, Hausa ce ke haɗa su. Mai shiryawa da bai tanadi tafinta ba ya kori rabin jama'arsa tun kafin a buɗe da addu'a. Haka mata. Su ne ke jinyar yaro, su ke ɗebo ruwa, amma sai a sa lacca a kan tsabtar ruwa bayan Isha'i a wurin da ba a tanadar musu ko tabarma ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta warware wannan tun ƙarni na 19 da tsarin 'Yan Taru, inda ta horar da jajjoji suna kai karatu ga mata har ƙauye. Ba sabon tunani ake nema ba.

To ina ruwan mai zama a Sabo ta Badun, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, ko Fatakwal? Ai hutun ɗaya ne, yaranmu ma a gida suke, kuma mu ma muna da ɗalibai da likitoci da lauyoyi 'ya'yan zango waɗanda ba mu taɓa cewa su zo su yi mana bayani ba. Jadawalinmu dai zai bambanta da na Makama. Kwalara ta shiga Ikko a watan Yunin 2024, saboda haka gora da cokali suna nan a jerin. Amma a ƙara da takardu: tun 2021 JAMB ba ta yi wa yaro rajista sai da lambar NIN, kuma yara nawa ne a zangonmu ba su da ko takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya? A ƙara da doka. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, 'yan uwanmu da yawa a bakin ɗan sanda suka fara jin iyakar inda dokar ta tsaya, bayan an riga an ɗora babur a mota. Lauya ɗaya da yammaci ɗaya da sun rage asara. Haka batun haya, da abin da mutum zai yi idan an kama ɗan uwansa, da cewa beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka.

Sannan babban darasin Yola, wato wa ke zaune a kujerun. Mun ga Shagamu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021. Kusan kowanne da ƙaramar rigima ya fara, jita-jita ta riga gaskiya isa. Bayan an yi ɓarna sai a ga Sarkin Hausawa da baale da kwamishinan 'yan sanda a teburi ɗaya ana ɗaukar hoto. Idan laccar hutu ta zango ta kasance ana gayyatar baale da shugabar matan kasuwa da limamin Yarbawa da fasto, a yi bayanin zazzaɓin cizon sauro da Hausa a fassara da Yarbanci, to ranar da wani ya yi ihu a kasuwa akwai wanda zai ɗaga waya ya kira wanda ya sani.

Kuɗin abin ba shi da yawa: aji ɗaya na Islamiyya, lasifika, ruwan leda, da kuɗin motar mai lacca. Abin da ya fi wuya shi ne a samu mutum uku da za su riƙe jadawalin mako shida, su fara a kan lokaci ko da babban baƙo bai iso ba, su ba mai magana minti arba'in su bar sauran ga tambaya, su kuma rubuta suna da lambar duk wanda ya zo a littafi guda da zai zauna a hannun kwamiti bayan yara sun koma makaranta.