Injin Washi na Gwanjo: A Duba Wayoyinsa Kafin a Kunna

A garin Uba, wanda ke kan iyakar Jihar Adamawa da ta Barno, maƙera da masu walda sun dogara da injin washi wajen gyaran fartanya, gatari da wuƙa, musamman idan damina ta gabato. Da yawa daga cikin injunan nan na gwanjo ne, waɗanda suka daɗe suna aiki a ƙasashen waje kafin su iso kasuwannin Mubi da kewaye. Jikinsu ƙarfe ne, kuma mai aiki yakan riƙe ƙarfe a hannu yana tsaye a ƙasa, sau da yawa kusa da ruwan sanyaya ƙarfe. Saboda haka waya ɗaya tak da ta zare ta taɓa jikin injin tana iya halaka mutum.

Karanta Allon Injin

Wutar da Kamfanin Rarraba Lantarki na Yola ke kawowa mai ƙarfin bolt 230 ce. Injin da aka ƙera domin Ingila ko Jamus ya dace da ita. Amma na Amurka yawanci na bolt 120 ne, kuma idan aka jona shi kai tsaye kwayil ɗinsa zai ƙone. A karanta ɗan allon ƙarfe da ke manne a jikin injin. In an ga 110 ko 120, sai an sami taransifoma mai rage ƙarfin wuta.

Kada a Dogara da Launin Waya

Nan ne haɗari ya fi ɓuya, domin kowace ƙasa da nata tsarin. A tsarin da ake bi yanzu, waya mai ruwan ƙasa ita ke ɗauke da wuta, shuɗiya ita ke mayar da ita, mai ratsin kore da rawaya kuwa ita ce wayar ƙasa mai kare rai. A tsohon tsarin Ingila, ja ce mai wuta, baƙa mai mayarwa. A Amurka kuwa baƙar ce mai wuta, fara mai mayarwa. A wasu tsofaffin injunan Jamus ma, ja ita ce wayar ƙasa. Wanda ya haɗa irin wannan jar waya da wuta ya sa wa jikin injin gaba ɗaya lantarki ke nan. Don haka mitar gwaji ce kaɗai za ta tabbatar da aikin kowace waya.

Matakan Dubawa

1. A zare fulogi daga soket kafin a taɓa ko da kusa ɗaya. Kashe makunni bai isa ba.

2. A bi igiyar wuta daga farko zuwa ƙarshe. In robarta ta bushe ko ta tsattsage, a sauya ta duka da sabuwa mai waya uku. Naɗa salatif ba gyara ba ne.

3. A buɗe murfin gindi a share garin ƙarfe da ya taru, domin yana iya haɗa wayoyi. A kula da kafasita, tana iya riƙe wuta bayan an zare fulogi.

4. A gwada da mita. Wajibi ne dogon ƙarfen fulogi na sama ya zama a haɗe da jikin injin, sauran biyun kuma kada su nuna wata haɗuwa da shi ko kaɗan.

5. A tabbata makunni da fis suna kan waya mai wuta. Kada a maye gurbin fis da guntun waya ko takardar taba sigari.

Inda Za a Tsaya

Idan injin yana gunji bai juya ba, laifin yakan zama na kafasita, kuma sauya ta da mai lamba iri ɗaya ba shi da tsada. Idan kuwa ana jin ƙauri, ko mita ta nuna wuta na zuba cikin jikin injin, a daina amfani da shi nan take a kai wa ƙwararre. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu aikin wayarin takardar shaida, kuma haƙƙin mai shago ne ya nemi ganinta.

Jama'a su tuna cewa yaran shago su ne suka fi taɓa injin nan. Kuɗin sabuwar igiya da fulogi bai kai na jinyar kwana ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani.