Ɗan Bakatsiniyar da Ya Tsira Daga Bautar Barazil

Duk Bakatsine, ko na Safo da Madarunfa ne ko na cikin birnin Katsina, yana da ɗan'uwa a tarihi mai suna Mahommah Gardo Baquaqua. Mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An haife shi a Jugu, arewacin Benin ta yau, garin da fataken Hausa ke yada zango in za su Gwanja sayen goro. Mahaifinsa Musulmi ne, an kuma sa shi makarantar allo, amma karatun bai zauna masa ba, sai ya koma maƙerar kawunsa yana koyon ƙera allura.

Giya ce ta fara kai shi ƙasa. Yana yi wa wani sarki dogaranci, wasu masu jin haushinsa suka gayyace shi wani ƙauye, suka yi ta ɗura masa har ya bugu. Da gari ya waye ya tarar an sayar da shi. Aka kora shi kudu, daga hannun wannan zuwa hannun wancan, har bakin teku a ƙasar Dahomey, inda aka yi masa lamba da ƙarfe mai zafi tare da sauran bayi, aka zuba su a jirgin ruwa. A cikin jirgi ƙishirwa ta fi komai azabtar da su, wanda ya mutu kuma a jefa shi ruwa.

A 1845 aka sauke su a Pernambuco ta Barazil. Wani mai gidan burodi ya saye shi, ya sa shi dakon duwatsu da tallar burodi, ranar da bai sayar ba ya sha bulala. Ko lokacin ibada, maigidan da bulalarsa yake tsayawa a kan bayinsa. Baƙin ciki ya sake tura Baquaqua ga kwalba, har ya faɗa kogi don ya huta da duniya, wasu masu kwalekwale suka tsamo shi.

Daga nan aka sayar da shi ga wani kyaftin a Rio de Janeiro. A 1847 jirginsu mai suna Lembrança ya ɗauki kofi zuwa New York, jihar da ta haramta bauta tun 1827. Masu yaƙi da bauta suka kai maganarsa kotu, alƙali ya ce a mayar da shi jirgi. Kafin a kai ga haka suka fitar da shi cikin dare daga gidan yarin da aka tsare shi, ya bi ta Boston ya isa Haiti.

Can ma bai sami sauƙi nan take ba. Ba ya jin harshensu, yunwa ta kama shi, yana kwana a titi, har wani ɗan mishan, William Judd, ya ɗauke shi zuwa gidansa. A nan ya karɓi addinin Kirista a 1848, ya yi bankwana da giya, amma bai yar da sunan da iyayensa suka raɗa masa ba.

A 1850 ya shiga kwalejin New York Central da ke McGrawville, wadda ke karɓar baƙi da farare. Duk da haka wasu ɗalibai farare sukan watsar masa da littattafai, su toshe masa bututun murhu har ɗakinsa ya cika da hayaƙi. Ya daure ya yi shekara uku yana karatu. Yaron da ya guje wa allo a Jugu, ga shi yanzu yana rubuta wasiƙu da Ingilishi yana neman a taimaka masa ya koma gida ya ga mahaifiyarsa.

A 1854, bayan ya koma Kanada, aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit da taimakon Samuel Moore. Bai ɓoye laifinsa na shaye-shaye ba, bai kuma rage wa azzalumansa komai ba, ya kuma ambaci duk wanda ya yi masa alheri. A 1855 ya tafi Liverpool ta Ingila da niyyar wucewa Afirka, kuma labarinsa na ƙarshe da aka samu na 1857 ne.

An kai 'yan Afirka miliyoyi bauta Barazil kafin a soke ta a 1888. Cikin waɗanda aka haifa a Afirka, littafinsa kaɗai aka sani da bawa ya ba da labarin bautar ƙasar da bakinsa. Ya kamata malamanmu na Maraɗi da Katsina su fassara shi zuwa Hausa, dangin uwarsa su karanta.