Yadda masana ke gano kakannin hatsi

Kowane manomi ya san abin da aka shuka shi ke tsira. To amma wane ne kakan hatsin da muke nomawa, tun da irin farko ya daɗe da ɓacewa?

Cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutun gado da masana ke kira ADN, mai haruffa huɗu: A, C, G da T. Tsiro na gadar wannan rubutu daga iyayensa, amma jefi-jefi harafi guda kan canza, kamar tuntuɓen alƙalami ga mai juya littafi da hannu. In aka jera rubutun iri da yawa aka gwada, ana iya lissafa na kakansu. A shekara ta 1971, wani masani na Amurka, Walter Fitch, ya tsara hanyar lissafin bisa ƙa'ida guda: a ɗauki amsar da ke bukatar canji mafi ƙaranci.

Sai dai akwai cikas. Iri 10 kaɗai, ana iya zana salsalarsu ta hanya fiye da miliyan 34. In sun kai ɗari, babu na'ura mai ƙwaƙwalwa da za ta gama dubawa. Don haka aka koma ga dabarar yanke: na'ura ta zana salsala guda kamar itace, ta cire reshe ta dasa shi wani wuri. In yawan canji ya ragu ta riƙe, in bai ragu ba ta mayar. Amma mai hawan tudu cikin hazo na iya tsayawa bisa ƙaramin tudu, yana zaton ƙololuwa ce. Shi ya sa ake sake aikin daga mafari dabam-dabam, kuma amsar ƙiyasi ce mai ƙarfi, ba yanke hukunci ba.

A 2018, masanan cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu sun gwada rubutun hatsi iri 221, na gona da na daji, da wasu dabarun lissafi na wannan fanni. Sun gano cewa asalin hatsi yammacin Sahara ne, kuma ya fara bazuwa wajen shekara 4900 da suka wuce, yana barbara da na daji a hanya.

Wannan gado ne masu gyaran iri ke tonawa don neman hatsi mai jure fari. Cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, tana adana iri, amma babban rumbu na hannun manoma. Wanda ya bar zango ko maiwar garinsu ta ɓace, ya yage shafin da babu lissafin da zai mayar da shi gona.