JIƘA ROGO KAFIN A CI

Ya kai maigida, da ke uwargida, ku saurara da kyau. Rogo abinci ne mai amfani. Shi ke rufa wa talaka asiri a shekarar da damina ta yi gardama, gero da dawa suka ƙi. Amma fa akwai dafi a cikinsa. Wanda bai san yadda ake fid da shi ba yana iya cutar da iyalinsa da hannunsa.

Rogo iri biyu ne, mai zaƙi da mai ɗaci. A mai zaƙi, yawancin dafin a ɓawo yake. In an fere shi an dafa sosai, ya isa. Mai ɗaci kuwa dafin ya game jikinsa duka, dafuwa kaɗai ba ta raba shi da shi. Likitoci suna kiran wannan dafi sayanayid, kuma yakan ƙaru a shekarar fari.

Wanda ya ci rogo mai ɗaci da ba a gyara ba, kafin 'yan sa'o'i sai ciwon kai, da jiri, da amai, da ciwon ciki. Wani har ya rasa ransa. Yara ya fi yi wa illa, don jikinsu ƙarami ne. In kuwa an daɗe ana cinsa kullum ba wani abinci, yakan kawo ciwon da ake kira konzo, ƙafafu su sanƙare, ba su kuma warkewa. A ƙasar Kwango aka fara rubuta labarinsa a 1938. A 1981 ya kama mutum fiye da 1,000 a Mozambik lokacin fari, sa'ad da yunwa ta hana mutane jiran a gyara rogo yadda ya kamata.

Maganin abin ruwa ne da haƙuri. In rogo ya kwana cikin ruwa sai ya yi laushi, ya yi tsami, ya saki dafinsa. Wani ya bi ruwa, sauran ya bi iska wajen shanya. Ga yadda za ku yi:

1. A fere rogon, a wanke, a yanyanka.
2. A zuba a tukunya ko randa, a sa ruwa mai tsabta har ya shanye kansa, a rufe. Kada a jiƙa a kududdufi.
3. A bar shi kwana 3 zuwa 5, sai ya marmashe a hannu. Da hunturu ya fi daɗewa.
4. A zubar da ruwan nesa da rijiya, inda yara da awaki da kaji ba za su sha ba.
5. A matse, a marmasa, a shanya bisa tabarma mai tsabta har ya bushe ƙayau. Kada a shanya a bakin hanya.
6. A daka, a tankaɗe, a dafa tuwon ya nuna sosai.

In alabo kuka sayo a kasuwa, ba ku san wanda ya gyara shi ba, a kwaɓa garin da ruwa, a baza shi a faranti, kada kaurinsa ya wuce tsawon farce. A bar shi sa'a 5 a inuwa, ko sa'a 2 a rana, a tuƙa a ranar.

Kada rogo ya zama shi kaɗai ne cimar gida. Ku haɗa da wake, ko gyaɗa, ko kifi, ko ƙwai, don su ke taimakon jiki ya kashe ɗan dafin da ya saura.

In wani ya fara amai da jiri bayan cin rogo, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida. A kai shi asibiti nan da nan, a gaya wa likita abin da ya ci.

Uwargida, ko yara na kukan yunwa, kada ki tsame rogo bai jiƙu ba. Sauri yakan haifi nawa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda. Rigakafi ya fi magani.